HTC-1 da HTC-2: na'urar awon danshin iska mai araha, amfaninta da wuraren da take ɓatar da mai ita

Duk wanda ya shiga shagon kayan kiwon kaji, ko na kayan ɗakin gwaje-gwaje, ko ya leƙa shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Jumia da Jiji yana neman abin auna danshin iska, abin da za a fara nuna masa shi ne wata farar na'ura ta roba mai faɗin tafin hannu, an rubuta HTC-1 ko HTC-2 a fuskarta. Masu injin ƙyanƙyasar ƙwai suna saye, masu kantin magani suna rataye ta a bango, masu siton hatsi ma sun fara ajiye ta. Ra'ayinmu a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi biyu: mai ita ya san abin da lambar da take nunawa ke nufi, kuma ya gwada ta da gishiri kafin ya ɗora mata amanar ƙwai ko hatsi. Wanda ya tsallake waɗannan biyun, gara ma bai saya ba, domin lambar da ba daidai ba ta fi rashin lamba ɓarna. Mai rashin na'ura yana lura da idonsa, mai na'urar da ta karkace kuwa ya saki jiki.

Ba kamfani ɗaya ke yin ta ba. Masana'antu da yawa a ƙasar Sin suna fitar da ita da suna ɗaya da siffa ɗaya, shi ya sa biyu da aka saya a shago ɗaya kan bambanta a inganci. Tana aiki da ƙaramin batir guda ɗaya, AAA, tana nuna zafi da danshi da lokaci a allo ɗaya mai manyan lambobi da ake iya karantawa daga nesa. Akwai maɓallai uku a gaba, MODE da ADJ na saita agogo, sai MEMORY. Tana da ƙafar jingina a kan tebur da ramin ratayewa a ƙusa. Abin da aka saba rubutawa a kwalinta shi ne kuskuren zafi bai wuce digiri 1 sama ko ƙasa ba, na danshi kuma bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba. A riƙe wannan 5 ɗin, za mu dawo kansa. Idan ka kunna ka ga tana nuna 99 a wurin da ya kamata ta nuna 37, ba lalacewa ta yi ba, tana kan ma'aunin F ne irin na Amurka. A danna maɓallin da ke sauya shi zuwa C. Digiri 37.5 na C shi ne 99.5 na F.

Yanzu ga lambar da ke da alamar % a gefenta, wadda ita ce dalilin sayen na'urar, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane da yawa suna ɗauka idan ta nuna 60, to kashi 60 cikin ɗari na iskar ɗakin ruwa ne. Ba haka ba ne. Iska tana da iyakar tururin ruwan da za ta iya riƙewa, kuma iyakar nan tana ƙaruwa idan zafi ya ƙaru. Ka ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi. A digiri 10, iyakarta giram 9 na ruwa da ɗan ɗoriya. A digiri 20, giram 17. A digiri 30, giram 30. A digiri 40, giram 51. Kusan duk ƙarin digiri 11 ko 12 yana ninka iyakar. Lambar da na'urar ke nunawa tana gaya maka ne kashi nawa na wannan iyaka aka cika a zafin da ake ciki yanzu. Iska mai giram 15 a digiri 30 za ta nuna 50, domin rabin 30 ke nan. Wannan iskar dai, da giram 15 ɗinta, idan ta huce zuwa digiri 20 za ta nuna kusan 87, idan kuma ta yi zafi zuwa 40 sai ta nuna kusan 30. Ba a ƙara ruwa ba, ba a rage ba. Kamar hatsin da ya cika gwangwani ne, ka juye shi a tiya ya koma gindi: hatsin bai ragu ba, mazubin ne ya girma.

Saboda haka duk wanda ya ce maka danshi ya kai 70 bai faɗi zafin ba, rabin labari ya ba ka. Wannan ne ma abin da ya fi burge mu a na'urar: lambobin biyu suna allo ɗaya, ido ba ya ganin ɗaya ba tare da ɗayar ba.

Daga nan za ka gane abubuwan da sukan sa sabon mai ita ya yi zaton ta samu matsala. Da asuba lambar tana sama, da azahar ta faɗo, da dare ta sake hawa, alhali babu hadari babu ruwa. Zafin ne ke hawa da sauka. Idan iska ta ci gaba da hucewa har lambar ta kai 100, abin da ya yi saura sai ya sauka a matsayin raɓa. Iska mai digiri 30 da danshi 70 tana fara zubar da ruwanta a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 24 ko ƙasa. Shi ne gumin da ke bayan kwalbar lemo mai sanyi, kuma shi ne ɗigon da ke sauka daga ƙarƙashin rufin kwano a kan buhunan sama da asubahin damina. Maɓallin MEMORY yana da amfani sosai a nan, domin yana nuna mafi yawa da mafi ƙarancin abin da aka samu tun daga lokacin da aka share. Mai sito ya share da yamma, ya duba da safe, zai ga abin da ya faru a cikin dare lokacin da babu kowa. A yawancinsu riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu ne ke sharewa.

A yankinmu bambancin yanayi yana da girma ƙwarai. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, a bushe, ɗauke da ƙura, har danshin rana a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya sauka ƙasa da 20. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, iskar da ta taso daga teku ta kudu maso yamma tana kai shi 80 ko fiye. Ga abin da wannan ke yi a cikin injin ƙyanƙyasa, wanda zafinsa yake 37.5, inda iyakar iska take wajen giram 45. Da safiyar hunturu, a ce zafin waje 15 ne danshi kuma 30, ruwan da ke cikin iskar bai kai giram 4 ba. Ta shiga inji ta ɗumama, sai danshinta ya koma wajen 8. Ƙwai kuwa yana son wajen giram 25. A Agusta, a ce zafin waje 28 danshi 80, iskar tana shigowa da giram 22, ta nuna wajen 47 ko 48 a cikin inji tun kafin a zuba ko cokali ɗaya na ruwa. Mai bin takardar da ta zo da inji, yana cika tiren ruwa iri ɗaya rani da damina, zai busar da 'yan tsaki a Janairu, ya nutsar da su a Agusta. Don wannan kaɗai ma na'urar ta biya kuɗinta.

Mu koma kan 5 ɗin nan. Idan gaskiyar danshi 55 ne, wata za ta iya nuna 50, wata 60, kuma dukansu ba su saɓa abin da aka rubuta a kwali ba. Wasu ma suna wuce wannan. Ba ta da maɓallin gyara awo, wanda babban naƙasu ne a ganinmu. Abin yi shi ne ka gano kuskuren taka, ka riƙa lissafi da shi, kuma gishirin miya ya wadatar. Dalili kuwa, jiƙaƙƙen gishiri a cikin rufaffen wuri yana tsayar da danshin iska a kan 75, kuma wannan ba ya wani motsi tsakanin digiri 20 zuwa 30.

Ka samu murfin gora ko ƙaramin kofi, ka cika shi da gishiri, wajen cokali biyu na shayi. Ka ɗiga ruwa kaɗan kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. Kada ya narke ya zama ruwan gishiri. A nan aka fi yin kuskure, domin idan ya narke duka, danshin zai haura 75 kuma gwajin ya tashi a banza. Ka sa shi tare da na'urar a cikin robar abinci mai murfi da ake iya gani ta ciki, ko leda mai zif, ka tabbata gishirin bai taɓa ta ba, ka rufe ruf. Ka ajiye a cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa, nesa da taga da fanka da firji, domin sauyin zafi yana rikita awon. Ka bari awa 12 zuwa 24, sannan ka karanta ta jikin robar ba tare da ka buɗe ba. Idan ta nuna 70, tana ragi da 5, sai ka liƙa takarda a bayanta ka rubuta "a ƙara 5". Idan ta nuna 79, "a rage 4". Idan kuskuren ya kai 10 ko ya wuce, a mayar wa mai shago, ko a bar ta a matsayin agogon bango. A maimaita gwajin kafin kowane zubin ƙwai mai muhimmanci, ko aƙalla a farkon rani da farkon damina, domin awonta yana gocewa da tsufa.

Akwai iyakar wannan gwaji da ya kamata a sani. Ya nuna maka kuskurenta ne a 75. A 65 ko 70 za ka iya dogara da shi, a 55 ma da sauƙi, amma a 30 babu tabbas kuskuren iri ɗaya ne. Mai son awo na biyu yana iya neman sinadarin magnesium chloride a shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje, a jiƙa shi kamar yadda aka yi wa gishirin, yana tsayar da danshi a wajen 33.

Inda na'urar ta fi rauni shi ne ƙasan ma'auni, kuma abin takaici nan ne muke zaune wata huɗu a shekara. Abin da ke jin danshi a cikinta wani ɗan ƙaramin faranti ne da aka shafa wa sinadari, wanda ke barin wutar lantarki ta wuce gwargwadon ruwan da ya sha daga iska. Idan iska ta bushe ƙwarai, wutar da ke wucewa tana yin ƙanƙanta har na'urar ta kasa bambancewa. Sai ka ga ta kafe a kan 10, wasu a kan 20, kwana da kwanaki a cikin hunturu. Ba ta mutu ba, ta kai ƙarshen abin da take iya gani ne. Ka hura mata numfashi ta ramukan baya sau biyu ko uku, in ta hau cikin minti ɗaya ko biyu sannan ta sauko a hankali, lafiyarta lau. Mai son sanin ko danshi 12 ne ko 18 ya nemi wata na'urar, wannan ba aikinta ba ne.

Wannan farantin kuma ba ya son abu uku. Na farko ruwa ya kwanta masa: idan aka fito da ita daga ɗaki mai sanyi aka sa a inji mai ɗumi, ko aka fesa ruwa kusa da ita, raɓa tana sauka a kansa ta wanke sinadarin, daga nan ta riƙa nuna 99 ko ta karkace har abada. Na biyu ƙura da gashin 'yan tsaki da ke tashi ranar ƙyanƙyasa, suna toshe ramukan sai ta yi nawa. A goge da busasshen burushi mai laushi, ban da ruwa, ban da fetur ko sabulu. Na uku warin kashin kaji mai hawa ido da hayaƙin maganin feshi. A fitar da ita daga ɗaki ko inji kafin a yi feshi ko turare. Batir ma idan ƙarfinsa ya ragu, lambobin suna dusashewa kuma awon ya daina zama abin dogaro, don haka a canza shi tun allo bai gama mutuwa ba, kuma a cire shi idan za a ajiye ta wata da watanni kada ya zubo ya ci ƙarafan. Kada a bar ta a mota ko a taga a zafin Afrilu, allon yana yin baƙi.

Sai tarkon da ya fi kowanne cin mutane, wanda ke jikin HTC-2. Ita tana da waya mai tsawon wajen mita ɗaya da rabi da ɗan kai a ƙarshenta. Mai saye yana ganin ya samu abin da yake so: ya zura wayar cikin inji, ya ajiye allon a waje yana karantawa. To, kan wayar nan zafi kaɗai yake ji. Abin jin danshi yana cikin jikin na'urar. Ma'ana, danshin da kake karantawa na ɗakin da injin yake ne, ba na cikin injin ba. A hunturu za ta nuna 20, mutum ya yi ta ƙara ruwa yana mamakin me ya hana lambar motsi, alhali ciki ya jiƙe sharkaf har gilashi yana gumi. Masu sayarwa da yawa su ma ba su san wannan ba, ba wai ɓoyewa suke yi ba. Mai son awon danshin cikin inji dole ya sa na'urar gaba ɗayanta a ciki, ko ya nemi irin wadda aka rubuta ƙarara cewa kan wayarta yana auna zafi da danshi duka. Irin wannan kan yana da ɗan kauri da tsaga-tsagai na shigar iska, ba dunƙulallen ƙarfe ko roba ba ne.

A cikin inji, a ajiye ta daidai da tsayin ƙwai, ba a saman tiren ruwa ba, ba kusa da abin ɗumama ba, ba a gaban fanka ba. A ba ta rabin awa bayan an rufe ƙofa kafin a yarda da abin da ta nuna. Ƙwan kaza yana kwana 21, ana son danshi 50 zuwa 55 har rana ta 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Ƙwan zabi yana kai kwana 26 zuwa 28, shi ma a ɗaga danshin a ukun ƙarshe. Abin da ke ɗaga danshi faɗin fuskar ruwa ne, ba zurfinsa ba. Cika tire har baki ba ya ƙara komai sai daɗewa kafin ya ƙafe. Ƙara tire na biyu ko jingina jiƙaƙƙen soso a ciki shi ke ƙarawa. Ruwan ya zama mai ɗumi. Kuma kada a toshe ramukan iska don a ga lamba ta hau, domin ɗan tsako yana numfashi ta ɓawo, a kwanakin ƙarshe ma ya fi buƙatar iska.

Ko da na'urar ta ci gwajin gishiri, sikeli ne alƙali na ƙarshe. Ƙwai ya kamata ya rasa kashi 11 zuwa 13 na nauyinsa daga ranar zubi zuwa rana ta 18. Ka yi wa ƙwai 10 alama ka auna su tare. In sun kai giram 600 a ranar farko, a rana ta 9 ana son su kusan 565, a rana ta 18 kuma tsakanin 522 da 534. In sun fi haka nauyi, danshi ya yi yawa, gurbin iskar da ke ɓangaren ƙwai mai faɗi zai yi ƙanƙanta, ɗan tsako ya kai ga fasawa ya shaƙi ruwa ya mutu a ciki. In sun fi haka sauƙi, danshi ya yi kaɗan, tantanin ya bushe ya manne masa, ya huda ɓawo ya kasa juyawa. Haska ƙwai da tocila a cikin duhu yana nuna girman gurbin. Idan sikeli da na'ura suka saɓa, a bi sikeli. Game da zafi kuwa, kuskuren digiri 1 ya yi wa ƙwai yawa, don haka a gwada ta da ma'aunin zafin jiki na asibiti, wanda ya fi ta daidai a tsakanin 35 da 40.

Ga masu hatsi akwai wata dabara da ke mayar da ita abin gwada bushewa. Hatsin da aka rufe a mazubi yana daidaita danshin iskar da ke tsakaninsa da ruwan da ke jikinsa. Ka ɗebo masara ko wake ko gyaɗa daga tsakiyar buhu, ka bari ya huce idan daga shanya aka kwaso shi, ka cika kashi biyu cikin uku na roba mai murfi, ka ɗora na'urar a kai, ka rufe, ka bari a inuwa na wasu awanni har lambar ta daina motsi. Ƙasa da 65, fumfuna ba ta samun abin da za ta rayu da shi. Wannan ya yi daidai da ruwa wajen kashi 13 a jikin masara, wajen 7 a ɓararriyar gyaɗa. Saboda kuskuren na'urar, mu 60 muke ba da shawara a nema. Daga 70 zuwa sama a mayar shanya, musamman kafin a ɗaure a buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai leda a ciki, domin buhun yana kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga amma ba ya busar da abin da aka zuba masa da ruwa. Fumfunar masara da gyaɗa ita ce ke haifar da gubar afulatoksin mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Sai dai wannan dabara amsar "ya bushe ko bai bushe ba" kawai take bayarwa. Mai kai kaya kasuwar hatsi ta Dawanau ko kamfanin abincin kaji inda ake neman adadin ruwan hatsi daidai, sai ya sayi ma'aunin hatsi na musamman.

A ɗakin kwana da kantin magani ba ta da wata matsala, kuskuren 5 ba ya cutar da kowa a nan. Tsakanin 40 da 60 jiki ya fi sakewa. Ƙasa da 30 ne leɓe ke tsagewa, faso ya buɗe, yara su riƙa haɓo. Shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki yana ɗan taimakawa. Mai tunanin sayen fanka mai ruwa ya dubi lambar tukuna: a bazara da danshi yake 20 tana sanyaya ɗaki sosai, a Agusta kuwa da yake 80 ruwan ba ya samun wurin ƙafewa, sai dai ta ƙara cunkushewa.

Wanda ƙwansa ya kai ɗaruruwa, ko yake ajiyar iri mai tsada, ya ƙara kuɗi ya nemi na'ura mai ɗauke da abin jin danshi na kamfanin Sensirion, irin su SHT30 ko SHT31, waɗanda kuskurensu yake wajen 2 zuwa 3 kuma ba sa makancewa da wuri a busasshiyar iska. Tsohuwar hanya ma tana nan: ma'aunin zafi biyu, a naɗa wa ɗaya lagwani mai tsabta da gindinsa ke cikin ruwa. A inji mai fanka, idan busasshen yana 37.5, jiƙaƙƙen yana 29.5, danshi yana wajen 55. Idan jiƙaƙƙen ya kai 32, yana wajen 68. Ba batir, ba gocewa, sai dai a riƙa wanke lagwanin kada gishirin ruwan rijiya ya daskare a kansa.

Mai sayen HTC-1 a shago ya roƙi a sa wa uku ko huɗu batir, a jera su wuri ɗaya na minti 15 nesa da hannu da numfashi, ya ajiye wadda ta yi nisa da 'yan uwanta, ya zaɓa daga cikin waɗanda suka yi kusa da juna. In da hali ya ɗauki biyu, ya sa su a robar gishiri ɗaya a daren da ya kawo su.